OBALIN: Ƙaramin Garin Da 'Yan Mata Suka Fara Karɓar Digiri Tare Da Maza

 Yau labarin gari na zo muku da shi, amma kada ku yi saurin juya shafi, domin akwai 'yar soyayya a can gaba, akwai kuma hawaye kaɗan. Garin yana ƙasar Amurka, a cikin jihar Ohayo, su suna rubuta sunansa Oberlin, mu kuwa bakinmu ya fi jin daɗin cewa Obalin. Ɗan mitsitsin gari ne wanda duk mutanensa ba su cika dubu tara ba, amma duk wata mace da ta taɓa saka rigar digiri a duniyar nan tana da ɗan alhakin sanin sunansa.

Ni dai dalilin zuwana shi ne Yayata da ke aure a birnin Kilibland, wadda na je taya zaman jego. Da ta yi arba'in ta warware, sai mijinta ya ce bai kamata a ce marubuciya guda ta zo har nan ta koma gida ba ta ga Obalin ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji, don haka ran wata Asabar cikin watan Oktoba muka ɗau hanya.

INA GARIN YAKE?

Daga Kilibland zuwa Obalin mil 35 ne ta kudu maso yamma, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Garin yana cikin gundumar Lorain, kuma in kika miƙe arewa daga cikinsa, ba za ki yi mil 15 ba sai ki tarar da Tafkin Iri. Sunan tafki kawai yake da shi, amma in kika tsaya a bakinsa ba ki hango ɗaya gaɓar, sai ruwa iyakar ganinki. A can ƙetaren ruwan ƙasar Kanada take. Ki riƙe wannan a ranki, domin zai yi mana amfani a gaba.

Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce tamkar faifai, babu dutse babu tudu. Tun daga hanya ba abin da muke wucewa sai gonakin masara da waken suya, da rumbunansu dogaye masu ƙyalli. Wani ɗan rafi da suke kira Plum Creek ya ratsa ta kudancin garin, ba shi da wani girma, yaro ma ya iya jefa dutse ya tsallake shi. Faɗin garin gaba ɗaya wajen murabba'in mil 5 ne, ke dai in kina da ƙafa, kafin la'asar kin zagaye shi tsaf.

A da can wurin kurmi ne mai duhu, ƙasarsa yumɓu ce mai riƙe ruwa, da an yi ruwan sama sai taɓo har gwiwa. Masu kuɗi ba su yi rububinsa ba, shi ya sa ya zo hannun masu ƙaramin ƙarfi da babban buri.

Mu mun je a kaka, lokacin da ganyen itatuwa ke sauya launi kafin ya zube. Kai, jama'a! Wani ja wur, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, kamar an shanya atamfofin lefe a kan bishiyoyi. Amma Yaya ta ce kada kyan ya ruɗe ni, domin daga Disamba zuwa Maris sanyi ne mai sa ruwa ya daskare a waje. Iskar da ke ketowa ta kan tafkin nan tana kwaso danshi ta zo ta zubar da shi a matsayin dusar ƙanƙara, har sai an sa motoci sun share titi kafin yara su tafi makaranta.

A tsakiyar garin akwai wani fili mai faɗin eka 13 da ake kira Dandalin Tappan, cike da manyan itatuwa da ciyawa kore shar. Tituna huɗu ne suka kewaye shi, kuma sunayen biyu daga ciki sun isa su gaya miki irin garin da kika shigo: ɗaya Titin Kwaleji, ɗaya Titin Farfesa. A nan na ga farin kurege, fari fat kamar auduga, yana ta tsalle-tsallensa ba ruwansa da kowa. 'Yan kwalejin sun mai da shi kamar tambarinsu, har a riguna suke buga hotonsa.

MUTANE NAWA NE A CIKI?

A ƙidayar shekarar 2010 an samu mutum 8,286 a Obalin. Da aka sake ƙidaya a 2020 sai aka samu 8,555. Kin ga ke nan cikin shekara goma ƙarin bai kai mutum 300 ba. Na ce da Yaya, "Yanzu Yaya wannan duk garin? Ai wata unguwar ma ta ninka su." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai bari, ƙanwata, a cikin ɗan adadin nan ma kusan kashi ɗaya cikin uku baƙi ne."

Gaskiyarta kuwa. Kwalejin garin tana da ɗalibai wajen 3,000, kuma a tsarin ƙidayar Amurka, inda ɗalibi yake kwana lokacin karatu nan ake lissafa shi, ba gidan iyayensa ba. Wannan ne ya sa in kika duba alƙaluman garin sai ki ga kamar kowa matashi ne, 'yan shekara 18 zuwa 24 sun cika ko'ina. A ƙidayar 2010 kusan kashi uku cikin huɗu na mazauna garin farar fata ne, baƙaƙe kuwa sun kusa kashi 15 cikin 100, sauran kuma 'yan asalin Asiya ne da masu ruwa biyu da sauransu. Da yawa daga iyalan baƙaƙen nan ba jiya suka zo ba, kakannin kakanninsu ne suka zauna a garin tun zamanin bauta.

Saboda haka garin numfashi biyu gare shi. Daga ƙarshen Agusta zuwa Mayu yana cike da kekuna da jakunkunan goyo da hayaniyar samari da 'yan mata. Da an yi bikin yaye ɗalibai aka watse, sai ya yi tsit kamar gidan biki bayan an kai amarya, masu kantuna su zauna suna lissafin kwanaki. Kwalejin ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Bayan ita akwai wata cibiya ta gwamnatin tarayya a gefen gari, inda ma'aikata ke zaune gaban na'urori dare da rana suna yi wa jiragen sama jagora a sararin samaniyar jihohi da dama. Sai kuma wata unguwa ta musamman da tsofaffi masu ritaya ke zama, su riƙa zuwa sauraren lacca da kiɗa tare da jikokin wasu.

YADDA AKA SARE DAJIN

A shekarar 1833 wasu mutum biyu, John Shipherd wanda limamin coci ne, da amininsa Philo Stewart, suka kafa garin da makarantar a lokaci guda. Suka raɗa masa sunan wani limami na ƙasar Faransa mai suna Oberlin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana gina makarantu da hanyoyi a ƙauyukan talakawa. Taken da makarantar ta ɗauka shi ne karatu da aiki, wato kowane ɗalibi zai yi karatu, zai kuma yi aikin ƙarfi don rage kuɗin makaranta.

Tun ranar farko an ɗauki mata, amma a wani sashe nasu daban mai sauƙin darussa. A 1835 aka kawo maganar ɗaukar baƙar fata, a lokacin da miliyoyin baƙaƙe ke cikin ƙangin bauta a kudancin ƙasar. Kwamitin amintattun makarantar ya rabu gida biyu daidai wa daida, sai shugaban zaman, John Keep, ya jefa tasa ƙuri'ar a ɓangaren a ɗauke su. Ƙuri'a ɗaya tal, 'yan uwa, ita ta raba gardama.

'YAN MATA HUƊU

A 1837 ne 'yan mata huɗu suka shiga ajin digiri sosai, suka zauna darasi ɗaya da maza: Mary Hosford, Elizabeth Prall, Caroline Mary Rudd da Mary Kellogg. A 1841 uku na farko suka kammala, suka zama matan farko a Amurka da suka karɓi digiri daga kwalejin da ke haɗa maza da mata.

To ina ta huɗun? Ga 'yar soyayyar da na yi muku alkawari. Mary Kellogg tana cikin karatu iyayenta suka ƙaura can kudu, jihar Luwiziyana, suka tafi da ita. A makarantar kuwa akwai wani saurayi, James Fairchild, wanda zuciyarsa ta bi ta. Babu waya, babu mota, sai wasiƙa da ke yin makonni a hanya. Haka suka yi ta musayar takardu har shekarar 1841, ya yi doguwar tafiya ya je aka ɗaura musu aure, ya dawo da ita Obalin. A shekarar da ƙawayenta suka karɓi digiri, ita lalle ta sha. Mijin nata daga baya shi ya zama shugaban kwalejin, daga 1866 zuwa 1889. Ta samu miji na gari, ta samu gida mai daraja, amma in ana lissafin matan farko, uku ake cewa. Na daɗe ina juya abin a raina: da iyayenta sun bar ta ta ƙarasa, da ta haɗa biyun, domin saurayin nan da ya jira ta shekaru, ai da ya ƙara jira.

Kada kuma ku ɗauka waɗanda suka zauna sun sha daɗi. A shekarun farko ba a yin darasi ran Litinin, saboda a ranar ce 'yan mata ke wanke tufafin ɗalibai maza, su yi musu ɗinkin abin da ya yage. Su ke share ɗakuna, su ke kai abinci teburi. An buɗe musu ƙofa, amma da kwandon wanki a ka suka shiga.

Wata mai suna Lucy Stone ta zo a 1843 tana da shekara 25. Mahaifinta ya ƙi biya mata, don a ganinsa karatun kwaleji na maza ne, sai ta yi shekara tara tana koyarwa tana tara 'yan kuɗinta. Da ta zo ma sai da ta haɗa da aikin kicin, ana biyanta santi uku a awa. Da za su kammala a 1847, aka zaɓe ta ta rubuta jawabi saboda ƙoƙarinta, amma aka ce wani malami namiji ne zai karanta a madadinta, wai bai dace mace ta yi magana a gaban taron maza ba. Ta ce in haka ne ba za ta rubuta ba. Yarinyar nan da aka hana karanta takarda ɗaya ita ce ta zama ɗaya daga cikin mashahuran masu jawabi na ƙasar, tana yawo gari-gari tana magana kan 'yancin bayi da haƙƙin mata.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce Mary Jane Patterson. Mahaifinta magini ne, baƙar fata, ya kwaso iyalinsa daga Karolina ta Arewa ya kawo su Obalin don 'ya'yansa su yi karatu. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, ba a ma gama soke bauta ba, ta karɓi digirinta. Ita ake lissafawa a matsayin baƙar mace ta farko da ta samu irin wannan digiri a Amurka. A 1871 aka ba ta shugabancin makarantar sakandaren baƙaƙe ta birnin Washinton. Ku duba bambancin uban Lucy da uban Mary Jane: mai ɗan hali ya hana, magini ya ɗauki ɗawainiya.

RANAR DA GARI YA TASHI

Kun tuna na ce ku riƙe maganar Kanada? A wancan zamani bawan da ya gudo daga kudu ba shi da kwanciyar hankali sai ya ƙetare tafkin nan, domin doka ta ba iyayen gijinsa damar biyo shi har arewa. Mutanen Obalin suka shahara da ɓoye irin waɗannan bayin Allah a gidajensu, su ciyar da su, su raka su gaba da dare.

A watan Satumba na 1858 masu farautar bayi suka yaudari wani matashi mai suna John Price, suka kama shi suka kai shi garin Wellington da ke kudu kaɗan, suna jiran jirgin ƙasa. Kafin ka ce kwabo labari ya bazu. Ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa, baƙi da fari, suka ɗunguma suka kewaye masaukin da aka tsare shi, suka ƙwato shi. Kun san gidan da aka ɓoye shi kafin a tsallakar da shi Kanada? Gidan James Fairchild, wato ɗakin Mary Kellogg ɗinmu. Gwamnati ta gurfanar da mutum 37 a kan wannan lamari, wasu suka sha zaman kurkuku, amma John Price bai koma bauta ba.

MAKARANTUN YARAN GARI

Bari mu dawo yau. Ban da kwaleji, garin yana da makarantun gwamnati na 'ya'yan mazauna, kuma hawa uku ne. Akwai firamare, daga rainon yara zuwa aji 5, wadda aka buɗe sabon gininta a 2021 aka haɗe tsofaffin firamare biyu a ciki. Sai ta tsakiya, aji 6 zuwa 8, mai ɗauke da sunan Langston, don tunawa da John Mercer Langston, baƙar fata da ya gama kwalejin a 1849, ya zama lauya, daga baya har ya shiga majalisar dokokin ƙasa. Sai babbar sakandare, aji 9 zuwa 12. Duk ɗaliban makarantun uku in an haɗa wajen dubu ɗaya ne, don haka malami ya san kowace yarinya, ya san gidansu.

Ba a biyan kuɗin makaranta. Babban kason kuɗin gudanarwa daga harajin gidaje da na albashin mutanen yankin yake fitowa, sai abin da jiha ta ƙara. In ana son ƙarin haraji don gina aji ko biyan malamai, sai an kai maganar akwatin zaɓe mutanen gari sun amince. Shi ya sa iyaye ke sa ido ƙwarai, domin kowa ya san guminsa ne a ciki.

A kudancin gari kuma akwai makarantar koyon sana'a ta gundumar Lorain, inda 'yan sakandare daga garuruwan kewaye ke zuwa koyon girki, gyaran gashi, walda, kafinta, kanikanci da aikin jinya. Yarinya tana gama sakandare da takardar shaida a hannu ɗaya, sana'a a ɗaya hannun. Wannan tsari ya burge ni matuƙa, domin ba kowa ne zai je jami'a ba, amma kowa zai ci abinci.

KWALEJIN A YAU

Kwalejin kashi biyu ce. Akwai ɓangaren ilmin kimiyya da adabi, akwai kuma makarantar koyon kiɗa da aka kafa a 1865, wadda tana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Piyano kawai sun fi 200 a cikinta. In kika bi ta gefen ginin da yamma, ta wannan taga goge, ta waccan sarewa, ta can kuma wata tana gwada murya.

Suna da gidan adana zane-zane da aka buɗe a 1917, kuma a nan na ji abin da ya ɗaure min kai. Tun 1940 suke da al'adar ba ɗalibai hayar zane na ainihi, har da na mashahurai irin su Picasso, a kan dala 5 kacal, ɗalibi ya kai ɗakinsa ya rataye har ƙarshen zango. Na ce, "Yaya, ba sa gudu da shi?" Ta ce, "Wanda aka yarda da shi ai kunya ke tsare shi."

Maganar wanki kuwa ta zama tarihi. Ɗaruruwan ɗalibai suna cikin ƙungiyar haɗin kai inda su ke dafa wa kansu abinci, a raba aiki daidai. Da idona na hangi wani ƙato da gemunsa ya ɗaura gyale a ka yana kankare tukunya. Na ce a raina, ina ma 'yan matan ran Litinin su ɗago su gani.

Zancen tukunya ya tuna min: tukunyar alminiyam da ke kan murhunku tana da dangantaka da garin nan. A da ƙarfen nan tsadarsa ta yi kusa da ta azurfa. A watan Fabrairun 1886 wani tsohon ɗalibin kwalejin ɗan shekara 22, Charles Martin Hall, ya gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki cikin araha, a wata rumfar itace da ke bayan gidansu. Yayarsa Julia, wadda ita ma ta yi karatu a kwalejin, tana tare da shi tana taimaka masa tana adana bayanai, kuma shaidarta ta yi amfani lokacin da aka yi jayayya kan wanda ya riga ganowa. Da ya rasu a 1914 ya bar wa kwalejin dukiya mai ɗimbin yawa. Mutum-mutuminsa na alminiyam yana nan a ginin kimiyya. Na Julia kuwa ban gani ba.

Sai dai fa kowane allazi da nasa amanu. Makarantar da aka kafa don 'ya'yan talakawa su yi aiki su biya, yau kuɗin karatunta kawai ya haura dala dubu 60 a shekara, ban da ɗaki da abinci. Da yawa tallafi ke ɗauke musu wani kaso, wasu kuma bashi suke ci. Wannan ya sa akwai 'yar tazara tsakanin ɗaliban da suka zo daga manyan birane da yaran gari waɗanda iyayensu ke share ɗakunan kwalejin. Don rage tazarar, kwalejin ta yi tsarin yafe kuɗin karatu ga yaran yankin da suka gama sakandaren garin, in sun cika sharuɗɗa sun samu gurbin shiga.

Wani abin lura kuma, makarantar da ta ɗauki mata tun 1833 ba ta samu shugaba mace ba sai a 1994, lokacin da aka naɗa Nancy Dye. Baƙar fata kuwa sai a 2017, da aka naɗa Carmen Ambar. Ku lissafa shekarun da kanku.

ABIN DA NA ƘULLA A BAKIN ZANE

Ƙannena 'yan makaranta, garin nan ba shi da ma'adini, ba shi da tashar jirgin ruwa, ba shi da ko dogon bene na a zo a gani. Makaranta ce jarinsa, kuma sunan da ya yi a duniya ya samo shi ne daga waɗanda wasu makarantun suka ƙi karɓa. Su ma ɗin ba a shimfiɗa musu darduma ba. Wata ta yi shekara tara tana tari, wata ta yi wankin ƙattai, wata ubanta ya bar garinsu saboda ita, wata kuma aka cire ta tana cikin karatu.

In kina aji uku ko aji biyar yanzu, kuma maganar aure ta fara tasowa a gida, ba na ce ki yi wa iyaye tsaurin ido ba. Ki samu Umma a ɗaki cikin ladabi, ko Gwaggo, ko wani kawu da Abba ke jin nauyinsa, ki roƙi a sa maganar ƙarasa karatunki cikin sharuɗɗan tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Shi ma mai neman naki ki tambaye shi ra'ayinsa tun ana zance a zaure, ki saurari amsar da kunnen basira. Alkawarin da aka yi gaban manya ya fi wanda aka raɗa miki a soro ƙarfi.

Iyayenmu kuma da ke leƙa wannan shafi, mun san kuna leƙawa, ga magini nan ya bar muku abin koyi.

Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.